Zanen da Mani Ya Sayo wa Ladidi

Wata Lahadi bayan la'asar, a rumfar gidan Félix da ke Dogon Dutsi, Mani mai wake ya miƙa hannu, Félix ya kama, mutanen fada, wato masu zaman hira a rumfar, suna kallo.

"Mu yi ta a fili," in ji Mani. "In Mai Tumbi ne na farko, ni ka yin maigidan burodi, kai ka ɗaura zane ka yi Gwaggo. In Siriri ne na farko, ni in ɗaura."

"Da kallabi," Félix ya ce.

"Da kallabi."

"Da tsintsiya a hannu, gaban yara da iyayensu."

"Ka ƙara da kwalli in kana so, abokina. Ai ba idona za a sa ma ba."

Suka girgiza hannu sau uku, yadda Mani ke yi da manoma in sun gama cinikin buhu a Kiéché.

Abin ya samo asali ne da nisa. Félix tsohon direba ne na wani asibitin mishan, mutum siriri kamar karan dawa. Shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, wata Baturiyar Ingila da ya daɗe yana tuƙawa ta tashi komawa ƙasarsu, ta bar masa kwali guda cike da kasat na bidiyo, da akwatin kunna su. Duk wasa ɗaya ne a ciki, wasan ban dariya na ƙasarsu wanda ya yi shekaru ana nunawa, 'yar'uwarta ke ɗauko mata daga tele tana aiko mata. Kafin Félix ya sami kuran, wato wutar lantarki, a gidansa, gara ta shiga kwalin ta cinye takardun da aka liƙa a bayan kasat ɗin, ta bar baƙar roba. Ita kuma 'yar'uwar ba ta da haƙurin ɗaukar rubutun farko da na ƙarshe. Saboda haka ba wanda ya san sunan wasan, ba wanda ya san wane kasat ke bin wane. Samarin unguwa sun gwada nema a wayoyinsu, suka rasa abin da za su rubuta, suka haƙura.

Babu mai jin Ingilishi a fadar, amma wannan bai hana komai ba. Akwai wasu mutane ɓoye a cikin telen da ke kwashewa da dariya duk inda ya kamata, sai a bi su. Sauran kuma Mani ke cikawa da bakinsa, don tun ranar farko ya ɗora wa kansa faɗin abin da Turawan ke cewa, kowa da muryarsa. Suka sa wa wasan suna Gidan Burodi. Akwai Gwaggo, matar maigida, wadda ba a taɓa ganinta ba tsintsiya ba. Akwai Dogo mai keke, da ke fita da burodi ya dawo da shi a murje. Akwai Malam Shiru, tsohon da ke zaune a lungu da jarida, bai taɓa furta kalma ba, in ya sauke jaridar kaɗai sai dariya ta tashi.

Rigimar a kan maigidan take, don mutum uku suka ga sun riƙe gidan. Akwai Mai Tumbi, ƙato mai sanƙo, wanda ke ɓoye ƙonannen burodi a cikin hularsa ya ci gaba da gaisawa da masu saye kansa na hayaƙi. Shi ne gwanin Mani, kuma duk wanda ya dubi tumbin Mani da sanƙonsa ya san dalili. Akwai Siriri, saurayi mai gashi har kunne, wanda ba ya zagaya kanta sai dai ya tsallake. Shi ne gwanin Félix. Sai wani na uku, shi ba ƙato ba shi ba siriri ba, gashin ma rabi, wanda suka sa wa Ɗan Riƙo. A shekara ashirin abu ɗaya kaɗai Mani da Félix suka taɓa yarda a kai, shi ne Ɗan Riƙo ba shi da amfani. Biyu daga kasat ɗinsa ma da su aka tokare ƙafar teburin tele.

A wurin Mani, Mai Tumbi ne ya kafa gidan, aka yi masa hassada aka cire shi, Ɗan Riƙo ya riƙe na ɗan lokaci, sannan aka ɗauko yaro mai araha. A wurin Félix, Siriri ne ya fara, ya sami aiki mafi kyau ya tafi, daga baya aka cusa wani ɗan'uwan manya da ba ya iya ko sunkuyawa. In Félix ya ce a duba, Gwaggo ta fi ƙuruciya a zamanin Siriri, sai Mani ya ce mace ce an kawo mata yaro, dole ta koma shafe-shafe. In ya ce launin hoton Siriri ya koɗe, alamar tsufa, sai Mani ya ce alamar talauci ce, tun da suka kori mai albarka ko fenti sun kasa saye.

Da haka za su mutu, ba don Madan Pauline ba, matar Félix, wadda ke shugabantar wata lakwal, makarantar ƙananan yara. Ta ce tana son 'yan fada su yi mata Gidan Burodi da Hausa ranar bikin ƙarshen shekara. Rabon mutane bai yi wuya ba da farko. Luƙman tela ya ɗauki Dogo, don shi ke da keke. Malam Shiru ba a ko yi shawara ba, kowa ya juya ya dubi Abdussalamu mai gadi, shi kuma ya gyaɗa kai. Gwaggo ce aka rasa, don babu matar da za ta tsaya tsakiyar fili da waɗannan tsofaffi. Maigida kuwa mutum biyu ke so. Nan aka ƙulla alkawarin.

Saura alƙali. Duk ɗan fadar da aka ambata, ɗaya sai ya ce ai na wancan ne. Daga ƙarshe suka yarda da matansu, Madan Pauline da Ladidi, waɗanda suka yi shekaru suna leƙen wasan ta ƙofar cikin gida suna tsinkar zogale, ba su taɓa sa baki ba. Kowanne cikinsu ya tafi gida yana lissafin cewa yana da murya ɗaya a aljihu, in ta ɓaci a tashi ba wanda ya ci.

Mani dai bai yarda da barin abu ga sa'a ba. Mutum ne da bai yi lakwal ba sai 'yan watanni, amma ya san kasuwa daga Matankari har Guéchémé, ya kuma san ana gyara ciniki tun kafin a zauna. Ranar kasuwa ya shiga rumfar masu atamfa ya zaɓi turmi guda, rawaya shar, da zanen kaji kore manya-manya a jiki. Ya kawo gida ya ajiye a gefen tabarmar Ladidi, tana cikin kwaɓa ƙullin fanke.

Ta dubi atamfar, ta dube shi. "Wagga ta mi ce, Baban Rahina? Salla da saura."

"Sai da salla mutum ka tuna da iyalinshi?"

"Haka dai na saba gani."

Ya zauna a kan turmin daka, ya yi gyaran murya. "Ba don komi ba. Ranar Lahadi dai, in an tambaye ki, ki tuna mutum mai jiki shi ka kafa gida. Yaro mai tsalle-tsalle ba ya kafa komi."

"In an tambaye ni zan faɗi abin da na gani," in ji Ladidi. Ta wanke hannu, ta buɗe atamfar ta ƙare wa kajin kallo, ta ninke ta sa a akwati. Mani ya ɗauki wannan a matsayin amsa, ya yi barcin rana mai daɗi.

Lahadi ta zo, rumfa ta cika har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Aka kawo wa matan biyu kujeru a gaba, karo na farko. Félix ya goge akwatin bidiyon da gefen rigarsa, don shi kaɗai ya rage a garin kuma da addu'a yake tafiya.

"Kasat uku muke so," in ji Madan Pauline. "Na Siriri, na Mai Tumbi, da na Ɗan Riƙo."

"Mi ya kawo Ɗan Riƙo cikin maganar manya?" Mani ya ce.

"Ai ba shi cikin alkawari," Félix ya ce. Suka dubi juna, kowa ya ji haushin sun sake yarda.

"Ku ciro shi daga ƙarƙashin teburin, Malam Mani," ta ce, da muryar da take sa yara layi.

Luƙman ya ɗaga teburin, aka zaro kasat ɗin, aka tokare da bulo. Ladidi ta ce a kai kowanne wurin da maigida ke murza ƙullu, a tsayar. Aka fara da Siriri. Hoton ya tsaya yana rawa.

"Ku dubi hannunshi na hagu," ta ce. "Ƙaramin yatsan ba ya lanƙwasa, a tsaye yake kamar na mai shan shayi. Sake shi, Baban Suzanne," ta ce wa Félix. "Yawwa. To ku gani, ya mari ƙullun sau biyu, ya juya shi, ya share hannu a bayan wando, ba a gaba ba."

Aka sa Ɗan Riƙo. Yatsan a tsaye. Mari biyu, juyi, bayan wando.

Aka sa Mai Tumbi. Hannun ya kai ga ƙullun. Yatsan a tsaye. Mari biyu. Bayan wandon sai da ƙaton ya yi ɗan miƙa kafin ya kai, amma can ya share.

"Na yi shekara talatin ina kwaɓa ƙullu," in ji Ladidi. "Ko ɗiyata Rahina, da ni na koya mata, ba ta murza irin nawa. Kowa da hannunshi. Wanga mutum guda ne. Ci ya yi."

Abdussalamu mai gadi ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

Félix ne ya fara magana, a hankali. "Kina nufin wanda na yi shekara ashirin ina zagi, Siriri ne?"

"Shi ne. Kuma wanda kunka tokare teburi da shi, shi ne dai."

Mani ya daɗe a kasuwa, ya san in buhu ya fashe ba a tsayawa kuka, ana tara abin da ya zube. "To madalla," ya ce. "Tunda mutum guda ne, ba na farko ba na biyu. Ba wanda ya ci, ba wanda ya faɗi. A nemo wata Gwaggo."

"Ba haka kunka ƙulla ba," in ji Madan Pauline. "Cewa kunka yi wa ya riga, Mai Tumbi ko Siriri."

"To Mai Tumbi ya riga. Ciwo ya kama shi ya rame. Ba mu ga irin haka ba?"

"Mun ga ciwo ya ramar da mutum," in ji Ladidi. "Ba mu ga wanda ya maido ma mai sanƙo gashi har kunne ba. In akwai shi, faɗa mini in nemo maka."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ba ta gama ba. Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani ɗan hoto da ya ji shekaru, ta miƙa wa Luƙman, ya bi hannu hannu. Wani saurayi ne a jikin keke, wuya kamar na zalɓe, gashi cunkus a ka. Sai da aka dubi kunnuwan aka gane Mani.

"Ni ma Siriri na aura," ta ce. "Na zauna da Ɗan Riƙo wajen shekara goma. Yanzu ga abin da ke gidana."

Luƙman ya yi dariya har ya faɗo daga benci. Mani ya jira aka lafa, sannan ya tambayi abin da ke cinsa.

"Tun yaushe kunka sani?"

"Tun ina goyon Rahina."

"Shekara goma sha tara. Don mi ba ku faɗa ba?"

"Wa ya tambaye mu?" in ji Madan Pauline. "Kuma Lahadi da la'asar ita kaɗai ce muke samu ba wanda ke neman ruwa ko tambayar ina takalminshi. Mi zai sa mu kashe muku gardama?"

Kwana uku Mani yana neman mafita. Ya yi tunanin tafiya Guéchémé ya ce mota ta lalace. Ya yi tunanin ciwon ƙafa. Amma duk inda ya bi sai ya dawo wuri ɗaya. Shi ba takarda yake ciniki da ita ba, hannu yake bayarwa, manomi ya ɗora masa wake a amalanke ya koma gona. Wannan hannun ne ya ba Félix sau uku gaban mutane. In aka ji a ƙauyuka cewa Mani na ba da hannu ya janye, to gara a gan shi da kallabi.

Ranar Alhamis ya sami Ladidi. "Ki ara mini tsohon zane. Mai duhu. Wanda ba a gani daga nesa."

Ta fito da uku. Na farko bai zagaya shi ba. Na biyu ya zagaya amma bai haɗu ba. Na uku ya haɗu, ya yi numfashi ya kwance.

"Abu guda ne a gidan nan zai iya da kai," ta ce. Ta buɗe akwati ta ciro atamfar rawaya mai kaji. "Sa'arka ban kai ma tela ba tukun."

Ranar biki filin lakwal ya cika tun hantsi. Yara a ƙasa, iyaye a benci, manyan baƙi a rumfa. Aka jera tebura biyu a matsayin kanta. Félix ya fito da farar hula da ƙullu a faranti, aka tafa masa daidai gwargwado. Luƙman ya shigo da keke ya faɗi inda aka ce ya faɗi. Abdussalamu ya zauna a lungu da jarida.

Sai Gwaggo ta fito. Rawaya tun daga ƙirji har idon sawu, kaza ɗaya kore ta baje daidai kan tumbi, kallabi an zagayo da shi ƙarƙashin haɓa don ya rufe gemu, gemun kuma ya ƙi. Mani ya tsaya da tsintsiya, ya ga manoma biyu na Kiéché a layin gaba. Can wata tsohuwa ta ce, "Wagga baiwar Allah ta kusa haihuwa," wuri ya yamutse.

Da ya ji dariyar ta riga ta faɗa masa, ba abin da ya rage a tsare, sai bakin ya buɗe. Shekara ashirin yana yi wa Gwaggo murya a rumfar Félix, babu wanda ya san ta kamarsa. Ya ɗora hannu a ƙugu ya dubi Félix sama da ƙasa.

"Wanga ƙullu ne ko laka? Matsa nan. Kai ko ruwa ka dafa sai ya ƙone."

Mata suka kwashe, don sun san mai wannan magana, Ladidi ce, tana zaune a cikinsu ta rufe baki da mayafi. Félix ya manta abin da zai ce. Don ya ceci kansa sai ya ja da baya zai tsallake kanta irin na Siriri. Ƙafa ɗaya ta hau, gwiwar ta tuna shekarunta, ya maƙale a kan teburin yana lilo. Gwaggo ta zagaya shi sau ɗaya tana kallo, ta share ƙasan teburin tsaf, sannan ta sa bakin tsintsiya ta tura shi ya sauka ta can. Daidai nan Abdussalamu ya sauke jarida. Wani babban baƙo sai da aka miƙa masa ruwa.

In ana maganar wa ya ci wa ya faɗi, Félix ya ci alkawari, ya yi maigida, kuma yau in ka tambayi wa ya yi maigida a wasan nan sai an yi tunani. Ya kuma yi mako biyu yana ɗingishi. Mani ya faɗi, ya rasa sunansa, don daga Matankari har Guéchémé Gwaggo ake kiransa, amma hannunsa na nan da darajarsa, har matan manoma kan biyo amalanke don su gan shi. Ladidi ta ce ba za ta ɗaura zanen da duk gari ya san ƙugun da ya zagaya ba, ta mai da shi labule, Mani ya koma rumfar masu atamfa, wannan karon ita ta zaɓa. Ɗan Riƙo ya fita daga ƙarƙashin teburi, yanzu ana kallonsa da ɗan nauyin ido.

Matan biyu ne suka kusa yin asara. Lahadi biyu a jere ba gardama, mazan suka dawo gida tun kafin rana ta yi sanyi, wannan na neman ruwa, wancan na neman takalmi. A ta uku Madan Pauline tana wucewa ta bayan rumfa da kwanon zogale ta ce, kamar da kanta take magana, ita dai ba ta ga alamar Malam Shiru na zamanin Siriri shi ne na zamanin Mai Tumbi ba. Mani ya ce mutum ɗaya ne, ko makaho ya gani. Félix ya ce biyu ne. Aka aika cikin gida a tambayi Ladidi, ta ce ita ƙullu ta sani, ba ta san jarida ba.